Wace hitar ɗaki za ka saya kafin hunturu ya kankama?

A hunturun da ya wuce, cikin mako ɗaya, sau biyu maganar hitar ɗaki ta taso a gidanmu. Ƙanena da ke aiki a Jos ne ya fara kira. Matarsa ta haihu a farkon Disamba, ɗakin kuma da daddare kamar an zuba ƙanƙara a siminti. Ta biyu Hajiyarmu ce a Kano. Ita ba ta tambaya da bakinta ba, amma na iske an shigar mata da kaskon gawayi ɗaki tun magariba, an rufe ƙofa, an sake labule, saboda gwiwoyinta ba sa barin ta miƙe da asuba idan ɗari ya kama su. Dukkansu ɗumi suke nema, amma hitar da na ce wa ɗaya ya saya ba ita na saya wa ɗayar ba.

Kafin mu shiga kasuwa akwai magana ɗaya da in ka riƙe ta, mai shago ba zai juya ka ba. Duk hitar da ke aiki da lantarki, ko ta dubu nawa ce, abu ɗaya take yi: wuta na bi ta cikin wata waya ko wani dutse mai yi mata tirjiya, sai ya ɗau zafi. Yunit ɗaya na wutar da ta sha, zafin yunit ɗaya take bayarwa, ba ƙari ba ragi. Hita mai wat 1,000 ta gwanjo da hita mai wat 1,000 sabuwa dal a kwali zafinsu ɗaya ne, kuɗin da suke ci a mita ma ɗaya ne. Saboda haka in ka ga tallar wata 'yar ƙaramar hita a Facebook, wadda ake maƙalawa a soket kamar cajar waya, ana cewa tana ɗumama falo kuma ba ta shan wuta, ka duba wat ɗinta. Yawanci 400 ne ko 500. Ba ta shan wuta sosai, gaskiya ne, amma dalilin shi ne ba ta ba da zafi sosai. Bambancin da ke tsakanin hita da hita yana wurin da zafin ke zuwa: jikinka, ko iskar ɗakin, ko rufin kwano. Sai kuma saurin zuwansa, da haɗarin da ke biye da shi.

Ga lissafin kuɗin, don shi ne ke yanke rabin hukuncin. A Najeriya, tun da hukumar kula da lantarki, NERC, ta ɗaga farashin masu layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke shi zuwa 206.80 a Mayu, sannan ya koma 209.50 a Yulin wannan shekarar, mai wannan layi ya san ɗumi ba kyauta ba ne. Hita mai wat 2,000 yunit biyu take sha a awa, wato naira 419 a wannan farashi, ban da harajin VAT. Ka bar ta awa biyar kowane dare, ka tashi da naira 2,095. A wata kuwa ya haura naira 62,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Waɗanda ke kan Band B zuwa E suna biyan ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai dai su kuma matsalarsu wata ce: alkawarin da aka yi wa Band A awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. Wanda ke samun wuta awa takwas, ba shi da tabbacin cewa ƙarfe huɗu na dare, lokacin da jaura ta fi cizo, yana cikin awowin.

Hita mai fanka ita ce ta fi yawa a kasuwa, daga Sabon Gari ta Kano har Taminus ta Jos, ita ce kuma mafi araha. 'Yar roba ce da ba ta kai girman tukunyar miya ba, a cikinta akwai waya mai zafi da fanka da ke hura iska ta kanta. Galibi maɓalli biyu ne, wat 1,000 da 2,000. Kyawunta sauri. Ka kunna, kafin ka gama cire takalmi iska mai ɗumi ta fara dukan ƙafarka, cikin minti goma ƙaramin ɗaki ya sauya. Don shirya yara makaranta bayan wankan safe, ko don ɗumama ɗaki kafin a kwanta, babu kamarta.

Amma ba zan ba kowa shawarar ya kwana da ita a kunne ba. Tana da ƙara, wannan ƙarami ne. Babbar matsalar ita ce rayuwarta ta dogara da fankar nan. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi, tana shiga ko'ina, kuma hita mai fanka zuƙo ta take yi. Ragar baya ta toshe, ko mayafi ya faɗo ya rufe ta, ko wuta ta yi ƙasa fankar ta rage gudu, sai zafin ya taru a cikin roba. Mai kyau tana da makashi da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Mai arahar gaske, wadda ba ta da ko sunan kamfani a jikinta, ƙila babu. Sannan ga warin ƙonanniyar ƙura da take fesowa a daren farko, abin da mai asma ba ya so. Akwai ƙanwarta da ake kira seramik, yawanci wat 1,500, wadda maimakon waya take da wani dutse da ke rage shan wuta da kansa idan ya yi zafi da yawa. In dole sai mai fanka za ka saya, ka ƙara kuɗi ka ɗauki wannan. Kuma duk da saurinta, da an kashe ta ko an ɗauke wuta, ɗumin yana tafiya cikin 'yan mintuna, don iska kawai ta ɗumama, bango da siminti suna nan da sanyinsu.

Ta biyu ita ce mai sanda, wadda ke yin ja ko ruwan lemo idan an kunna, 'yan kasuwa na ce mata halojin ko kwaz. A nan nake so mu ɗan zauna, domin a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, kuma ita ce aka fi rainawa. Ba iska take ɗumamawa ba. Zafinta haske ne, kamar hantsi, ko kamar garwashin mai shayi: ya faɗa kan abin da ke gabansa, abin ya yi ɗumi. Ka zauna taku uku daga gare ta, gwiwarka da tafin hannunka su ji nan take, ko da ƙofa a buɗe take, ko da iska na shigowa ta taga. Ka koma bayanta kuwa, kamar babu ita a ɗakin.

Dalilin da ya sa wannan ya dace da mu shi ne irin ginin da muke ciki. Mutanen ƙasashen sanyi suna gina gida don ya riƙe zafi: bango mai ruɓi biyu, gilashi mai ruɓi biyu, rufi cike da abin tare sanyi. Mu kuwa don zafin bazara muke gini. Bulo ɗaya, tagar luba da ba ta rufuwa ruf, rata a ƙasan ƙofa da ɓera zai wuce, wani ɗakin ma babu silin, kwano ne kai tsaye. Iska mai ɗumi sama take tashi. A ɗakin da ba silin, hitar da ke ɗumama iska kwano take yi wa hidima, kwanon kuma ya miƙa wa sararin samaniya. Kai kana ƙasa kana rawar ɗari, mita na gudu. Mai sanda ba ruwanta da wannan, don ba ta biyo ta iska ba.

Ga kuma sauƙin wuta. Sanda ɗaya yawanci wat 400 ce. Mai sanda uku wat 1,200 ke nan, amma kowace da maɓallinta, kuma mutum ɗaya da ke zaune kusa sanda ɗaya ta ishe shi. Awa uku a kan sanda ɗaya yunit 1.2 ne, kimanin naira 250 ko da a farashin Band A na 2024. Ita kaɗai ce a cikin manyan hitocin da ƙaramin injin nan na "na fi maƙwabcina", mai ba da wat 650 zuwa 800, zai iya ɗauka, shi ma sanda ɗaya tak tare da 'yan ƙwayaye.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Gabanta yana zafin da zai kama zane. Tana da tsayi ba nauyi, yaro mai rarrafe ko gefen hijabi na iya kayar da ita. Haskenta yana hana wasu barci. Sandunan gilashi ne, suna fashewa, suna kuma ƙonewa kamar ƙwan fitila. Sannan akwai abin da takardar cikin kwali ba ta ambata, don masu rubuta ta ba su san shi ba: gidan sauro. Zarensa roba ne, yana narkewa ya kama cikin ƙiftawar ido, kuma mutum yana cikinsa. Ƙa'idar da masu kashe gobara ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin hita da duk abin da zai iya kamawa. A ɗakin da gado da katifar yara da akwatuna da labule suka cika, ka auna ka gani ko akwai inda za a sami mita ɗaya ta kowane gefe. In babu, mai sanda ta zama ta zama ce kawai, a kashe ta kafin a kwanta. Kar kuma ka sayi wadda ba ta da ɗan maɓallin nan a ƙasanta mai kashe ta idan ta faɗi. Gwajinsa a shago ba wuya: a kunna, ka ɗaga ta daga ƙasa ko ka karkata ta. In ba ta mutu ba, ajiye musu kayarsu.

Ta uku ita ce mai mai a ciki, mai haƙarƙarin ƙarfe bakwai zuwa goma sha uku, tana tafiya a kan ƙananan tayoyi. Mutane da yawa suna zaton ana zuba mata mai kamar risho. A'a. Man a rufe yake ruf, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa, ba a ƙara shi. Aikinsa ɗaukar zafi daga wayar da ke ƙasa ya rarraba wa haƙarƙarin, su kuma su ba ɗakin a hankali. Wat ɗinta daga 1,500 zuwa 2,500, yawanci da mataki uku. Ba ta ƙara, ba ta haske, ba ta tayar da ƙura, babu wani jan abu a fili da zai kama zane. Jikinta yana zafin da zai sa yaro ya yi kuka idan ya dafa, har ya tashi fata in ya daɗe, amma ba irin zafin mai sanda ba. Kusan dukkansu suna da madaidaicin zafi, wanda ke kashe ta idan ɗakin ya kai yadda ka saita, ya sake kunna ta idan ya sauka. Wannan ɗan abin shi ne ainihin mai rage kuɗin wuta, domin hita mai wat 1,500 da ke aiki rabin lokaci wat 750 take ci a matsakaici.

Ita ce hitar kwana, amma da sharuɗɗa. Tana da nawa: sai ta yi minti ashirin zuwa talatin kafin ka ji ɗakin ya fara sauyawa. Masu talla suna yabon ta da cewa tana ci gaba da ba da zafi bayan an kashe, kamar kyauta ce. Ba kyauta ba ce, zafin da ta riƙe maka a farko ne take biya a ƙarshe. Sai dai a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan jinkirin yana da amfani, don ba a yanke maka ɗumin farat ɗaya. Sharaɗi na biyu ɗakin: dole ya kasance da silin, ƙofa da taga suna rufuwa. Na uku wutar: in ba ka samun awowi masu tsawo da dare, ka sayi kayan ado mai tsada, kuma ita ce mafi tsada a cikin ukun. In ta gwanjo ce, ka duba ƙasanta da mahaɗar haƙarƙarin. Ka ga danshin mai, bar ta.

Akwai wata shimfiɗaɗɗiya mara nauyi, mai ramuka a sama, wadda iska ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama da zafi ba tare da fanka ba. Shiru gare ta, ta fi mai mai sauri, ta fi ta araha. Amma zafinta miƙewa yake sama kai tsaye, kuma samanta na gayyatar a shanya tawul, wanda shi ne hanyar gobara. A ɗaki mai silin tana aiki. Ban ga abin da ta fi sauran da shi ba har da zan ce a neme ta.

Abin da nake mamakin rashin yaɗuwarsa a wurinmu shi ne bargon lantarki, irin wanda ake shimfiɗawa a kan katifa ƙarƙashin zanin gado. Na mutum ɗaya yana cin wat 50 zuwa 100 ne kacal. Mai wat 60 da ya kwana awa takwas a kunne bai kai rabin yunit ba, kimanin naira 100. Ka kwatanta da naira 2,095 ɗin can. Hikimar ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu da suke gina gadon ƙasa da ramin wuta a ƙarƙashi, gadon suke ɗumamawa, ba ɗakin ba. Shi ne kuma kaɗai abin ɗumi da mai sola da inbata zai iya amfani da shi hankali kwance. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kimanin yunit 2.4, kuma in irin na ruwa ne rabin wannan ake son a taɓa don ya yi ƙarko. Hita mai wat 2,000 za ta lashe wannan rabin cikin kusan rabin awa, in ma inbatar ta iya ɗaukar ta. Bargon kuwa zai kai asuba da saura.

Ba na kowa ba ne dai. Ba a sa wa jariri, ba a sa wa yaro mai fitsarin kwance, ba a sa wa wanda ba zai iya tashi ya kashe da kansa ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai zai iya ƙonewa bai sani ba. Kuma ba a ninke shi da ƙarfi idan za a ajiye, naɗe shi ake yi, don siririyar wayar cikinsa na karyewa. Hanya mafi aminci ita ce a kunna shi rabin awa kafin kwanciya, a kashe idan an shiga, bargo na sama ya riƙe sauran.

Abu ɗaya ne ya karya dokar yunit ɗaya zafi ɗaya, shi ne iyakwandishan mai ba da zafi. Shi ba ƙirƙirar zafi yake yi ba, ɗebo shi yake daga iskar waje ya shigo da shi, saboda haka da yunit ɗaya yana ba da zafin kusan yunit uku. In kana da shi a bango, ya fi duk hitocin nan sauƙin wuta wajen ɗumama ɗaki gaba ɗaya. Sai dai yawancin waɗanda ake sayarwa a Najeriya sanyi kawai suke yi, ko da akwai hoton rana a jikin rimot. Ka gwada: saita shi a kan ranar, ka jira minti biyar. In iska mai ɗumi ta fito, ba ka buƙatar zuwa kasuwa.

Game da janareta kuwa, a taƙaice: kunna inji don hita mai wat 2,000 asara ce. Sai mai ƙarfin kilowat biyu da rabi ko sama, zai sha fiye da lita ɗaya a awa, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na zafin fetur ɗin a waje yake watsewa ta salansa da jikin inji. Tsakar gida kake ɗumamawa.

Yanzu wayarin, wanda a ganina ya fi zaɓen hitar kanta muhimmanci. Wutar Najeriya bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, kusan wat 3,000. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, ba na minti biyar ba kamar butar shayi, na awowi. Wannan ne ke tona asirin waya mara kyau. Kar a sa hita a eksitenshin, musamman fararen nan masu araha da wayarsu ba ta fi ta rediyo kauri ba. Kai tsaye a soket ɗin bango, ita kaɗai. Soket ɗin ma ya kasance an ja masa waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 2.5, ba an ɗauko shi daga layin fitila ba, kamar yadda ake yi a gidajen haya da yawa. Gwajin da nake yi ba ya buƙatar na'ura: bayan minti ashirin da kunnawa, ka taɓa filogin. Ɗan ɗumi ba laifi. In ya yi zafin da za ka janye hannu, ko ka ji warin roba, ko ka ga bakin soket ya yi ruwan ƙasa, kashe ka kira mai gyara.

Kayan gwanjo suna da tarko biyu. Wanda ya zo daga Turai yakan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu. A Nijar wannan daidai yake da soket ɗinsu, amma a Najeriya sai ka ga an cusa tsinke a ramin sama an tura shi da ƙarfi. Ga cajar waya ba komai, ga hita kuwa sako-sakon haɗin nan shi ke haifar da tartsatsi. A yanke shi a sa filogi mai ƙafa uku da fis ɗin amfiya 13. Tarko na biyu ya fi muni: hitar Amurka da Kanada ta bolt 120 ce. Ka sa ta a wutar 230, za ta nemi jan kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka yi ta da shi, ta ƙone nan take. Lambar tana rubuce a ƙasa ko a baya. Karanta kafin ka biya.

Akwai kuma korafin da ake yawan yi cewa hita "ba ta da ƙarfi", alhali laifin wutar ne. Zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda bolt ke faɗuwa. In wutar unguwarku ta sauka zuwa 180 da magariba, lokacin da kowa ya kunna hitar ruwa, hita mai wat 2,000 kimanin 1,200 kawai za ta bayar. Mai sanda da mai mai suna jure wannan, zafinsu ne kawai ke raguwa. Mai fanka ce ke wahala.

Girman da ake buƙata ma ba kamar yadda ake zato ba ne. Sanyinmu ba na Rasha ba ne. Daren Disamba da Janairu a Kano yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani lokacin ƙasa da 10, Jos da ke kan tudun mita 1,200 ta fi haka sanyi, haka Gembu a tsaunin Mambila da Agadas a bakin sahara. Hukumar Lafiya ta Duniya digiri 18 ta ambata a matsayin ɗumin da bai kamata ɗaki ya gaza ba. Ratar digiri shida zuwa goma ce. Ga ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 da silin, wat 1,000 ya wadatar, in an toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane, an sa labule mai kauri, an shimfiɗa darduma a siminti. Kar kuma a wuce gona da iri. Iskar hunturu a bushe take tun asali, kuma duk ƙarin zafi ƙara busar da ita yake, sai a tashi da haɓo da kaushin maƙogwaro da fasasshen leɓe. Ajiye kwanon ruwa a ɗakin yana ɗan taimakawa, amma nesa da wayar, ba a kan hitar ba.

Na dawo kan kaskon Hajiya, don shi ne ainihin abokin takarar duk waɗannan. Gawayi ya fi araha, ba ya jiran Nepa, ɗuminsa kuma ya fi daɗi, ba musu. Amma idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Ba hayaƙin da ake gani ba ne, shi ya sa jira har gawayin ya zama rushi ba ya maganinta. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wato abubuwan da mai barci ba zai farka ya lura da su ba. Duk aibin da na lissafa wa hitar lantarki, babu wadda ke fitar da wannan iska. Kasko na zaure ne da tsakar gida, inda iska ke wucewa.

Ƙanena na ce ya sayi mai mai, ƙarama mai wat 1,500. Ɗakinsu da silin, layinsu na samun wuta da dare, kuma jariri yana buƙatar ɗumi mai ɗorewa da ba ya dukan fuskarsa, ba ya tayar da ƙura. Na ce ya ajiye ta nesa da gado da gidan sauro, a matakin ƙasa, ya sayi ɗan ma'aunin zafi na bango ya riƙa duba kada ya wuce 20, domin zafi da yawa ma haɗari ne ga jariri. Ya yi ƙorafin kuɗin sayen, ya kuma yi ƙorafin katin mita a ƙarshen Janairu, amma ya ce maijego ta daina kwana da safa biyu.

Hajiya kuwa ɗakinta babba ne, tagogin luba, wutar unguwar ba ta da alkawari. Mai mai ba za ta yi mata komai ba. Na saya mata mai sanda biyu, mai mutuwa in ta faɗi, na sa aka canja soket ɗin kusa da inda take shimfiɗa sallaya. Jikarta ce ke kunna mata sanda ɗaya idan ta tashi alwala, ta fuskantar da ita wajen gwiwoyin, a kashe bayan ta gama lazimi. Na kwana kuma bargo ne biyu da robar ruwan zafi a ƙafa, don bargon lantarkin ta ƙi shi ƙememe, ta ce ba za ta kwanta a kan wutar Nepa ba. Kaskon ya koma tsakar gida, inda jikoki ke gasa dankali a kansa bayan isha'i.